Yadda Na Kai Inna Wurin Mai Allurar Sin a Babura

Daga Roni zuwa Gwiwa

Ladan bai kira assalatu ba na fito, don ɗan acaɓan da muka yi magana da shi ya ce in rana ta fito gona za shi. Cikin marka ne, an kwana ana yayyafi. A wani masallacin bakin hanya muka yi asuba, sannan muka miƙa Gwiwa, taɓo na fallatsar mini har bakin zani.

Mahaifiyata zan ɗauko. Tun bazara hannunta na hagu ya kumbura, ya zama kamar taɓarya, kafaɗar ba ta ɗaguwa. Wanzami ya yi ƙaho, an sha sassaƙe, an sha rubutu, kowa ya ce sanyin ƙashi ne. Sai wata maƙwabciyata ta ba ni labarin wata Hajiya Asabe a Babura, wadda ta zauna ƙasar Sin tare da mijinta ɗan kasuwa, ta koyo maganinsu na allura da ganyaye. Ta ce har daga Nijar ake zuwa wurinta.

Da ƙanwata Auta ce ya kamata ta kai ta, don da ita Inna ke hira har da dariya, to amma Auta tana wankan jego, ƙannena maza kuma suna gona. Sai ni, 'yar fari. A hannun kakata na tashi. Na haura hamsin, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa duban tsakiyar idona ba. In magana ta kama dole, sai ta ce "mutanen Roni", kamar mu goma ne. Haka Fulanin wajenmu suke, ana yaba musu a ce kunya ce. Ni dai ban taɓa ganin abin da ta tsinana wa kowa ba.

Na same ta a shirye bakin bukka, ta naɗe kafaɗar da mayafi biyu.

"Mutanen Roni sun sha hanya," ta ce, tana duban turken maraƙi.

"Tashi mu tafi, Inna, hadari na haɗowa."

Babur ɗaya muka hau, ita a tsakiya. Ta sandare kamar icce don kada bayanta ya taɓa ƙirjina. Ƙarƙashin ƙamshin man shanu da turaren wuta ina jin wani wari-wari, na ɗauka maganin wanzami ne.

Kazaure

Daga Gwiwa muka sami ƙaramar mota, hantsi ya dubi ludayi muka sauka tashar Kazaure. Na sayo koko da ƙosai. Sai da na juya mata baya na tafi wurin mai goro sannan ta sha, don ba ta cin abinci a gabana.

Motar Babura irin wadda ake cusa mutum huɗu a baya, biyu a gaba ce. Na ce da direba gaba ta Inna ce ita kaɗai, zan biya wurin mutum biyu. Ya ce ai wani alhaji ya riga ya kama. Na ce alhajin ya nuna mini nasa kumburarren hannun. Alhaji ya tattara babbar rigarsa ya koma baya yana guna-guni.

"Hajiya," in ji direba, "ke da namiji ce da ke ce shugaban 'yan kamashon tashar nan."

"Da ni ce shugaba da tuni an sayar wa 'yan gwangwan wannan akwalar taka."

Aka yi dariya. Inna ta dubi gilashi ta ce, "A gaya wa mutane su rage murya, nan ba ruga ba ce."

Hanyar Babura

Gero ya yi shar hagu da dama, ruwa ya kwanta a kwazazzabai, ramukan titi sun cika har ba ka gane zurfinsu. Duk ramin da muka faɗa ina kallon ƙeyar Inna daga baya. Wuyanta kawai ke ɗaurewa, ko uhm ba ta cewa.

Dab da gari akwai shingen kwastam, saboda iyaka ba nisa. Wani mai kaki ya leƙo, idonsa ya sauka kan tulin mayafin Inna.

"Mama, me aka naɗe a nan?"

Na leƙo ta taga na ce, "Shinkafar waje ce, buhu guda ta haɗiye ya sauka a hannu. Zo ka kwance."

Ya ga yatsun da suka fito kamar rogo, ya ja da baya, ya ce Allah ya sawwaƙe. Inna ta ce amin, ta ƙara da cewa a ƙyale bawan Allah, aikinsa yake yi.

Babura, gidan mai allura

Bayan azahar muka isa. Gida ne na talakawa masu rufin asiri, an rataye ƙulle-ƙullen ganye a rumfa, mata na zaune kan tabarmi, wasunsu 'yan Nijar. A bangon ɗakin akwai hoton mutum tsaye, an zana masa layuka da ɗige-ɗige tun daga ka har tafin ƙafa. Na matsa in karanta, tunda da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci ba na barin rubutu ya wuce ni, sai na tarar rubutun Sin ne, kamar sawun kaji.

Hajiya Asabe gajeruwa ce, ba ta gaggawar magana. Ta ɗora yatsu uku a wuyan hannun Inna na dama tana sauraron bugun jini har na gaji. Ta ce ta fiddo harshe, ta duba. Sannan ta fara bayani, wai mutanen Sin sun ce jiki yana bin shekara kamar yadda gona ke bi. Da bazara zafi ke shiga mutum, da damina kuwa laima ce ke kwanciya a gaɓoɓi, don haka a wannan lokaci a bar ruwan randa da nono mai sanyi, a riƙa shan kunun gero da ɗuminsa da citta a ciki.

Inna ta juya wurin wata 'yar Nijar da ke gefe ta ce, "Bafillatana za a hana nono? To su can me shanunsu ke yi?"

Sai tambayoyi. Tana barci? Na ce ba ta yi. Abinci fa? Na ce kamar tsuntsuwa. Yaushe ya fara? Na ce da bazara.

"Baiwar Allah," in ji Hajiya, "ke ce marar lafiyar?"

"Ni na kawo ta, ni na san ciwon. In kika biye mata sai ta ce miki ƙalau take."

"Inna, ina ne yake miki zogi?"

"Lafiya lau. Alhamdu lillahi."

"Kin ji ko," na ce.

Hajiya ta nemi ta sauke mayafin ta ga kafaɗar. Inna ta ƙara damƙe shi da hannun dama, ta sunkuyar da kai. Na ce ta cire mana, ba kallon bango muka taho yi daga Gwiwa ba. Hajiya ta dube ni, ta dubi Inna, ta ce a bari.

Alluran sirara ne kamar gashin wutsiyar doki, kuma ba ruwan magani a cikinsu. Ta fasa sabuwar leda a gabanmu, ta soka a hannun dama da ƙwauri, ta bar su tsaye suna rawa. Ta kunna wani naɗaɗɗen ganye mai ƙamshi kamar tazargade tana zagaya gwiwoyin da ɗuminsa. Na ce mata na hagu ne ke ciwo, in ba ta lura ba.

"Na lura. Wancan ba zan soka masa komai ba sai na san abin da ya kumbura shi."

A ɗakin baƙinta muka kwana tare da 'yan Nijar ɗin, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa. Gaskiya ɗaya ce, ranar Inna ta yi barci.

Da safe Hajiya ta aike ni kasuwa in sayo citta da kanumfari. Ta ce kada in saya a bakin hanya, in shiga can ciki wurin masu kayan yaji, in zaɓa a tsanake. Na tafi ina mita, ga citta nan rataye a rumfarta.

Da na dawo na same ta a zaure tana wanke hannu da sabulu, ta wanke ta sake wankewa. Ta ce in zauna.

"Ba sanyi ba ne. Mamanta na hagu ne ya fashe, har ƙarƙashin hammata ya yi tauri. Ganye take dakawa ta liƙa, ta ɗaure da tsumma. Ta ce damina biyu ke nan da ta fara jin ƙullutu."

Na ce, "Me ya hana ta faɗa?"

"Ta faɗa wa wa? 'Ya'yanta maza? Autar kuma da ciki gare ta, yanzu ga jego, ba ta so ta tayar mata da hankali."

"Ni fa? Jiya a gabanki aka tambaye ta."

"A gabanki dai. Ta ce maman da kika fara sha ne, gara ƙasa ta rufe ta da ki gan shi haka."

Ban san lokacin da ƙullin cittar ya zube ba. Hajiya ta ce tana zaton ciwon daji ne, amma likita ne zai tabbatar. Ta ce allurarta tana rage zogi, tana kawo barci, amma ko a can Sin ɗin irin wannan asibiti ake kai shi, kuma duk wanda ya ce mini zai warkar da shi da ganye in riƙe jakata da kyau. Ta riga ta wanke mata wurin ta sa bandeji, ta ce mu tafi yau.

Komawa Kazaure

A asibiti ban shiga ɗakin ba. Na zauna kan benci a waje, ni da ba a taɓa rufe wa ƙofa na yi shiru ba. Wata nas ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinsu, sai Kano, kuma kada mu bari makon nan ya fita.

A tasha motar Kano na lodi, ta Gwiwa na can gefe. Na ɗauki ƙullin kayanta na nufi ta Kano. Na waiwaya, tana tsaye inda na bar ta.

"A gaya wa mutanen Roni," ta ce da mai sayar da gyaɗa, "Auta ce za ta kai ni, in ta yi arba'in."

Auta ko mako biyu ba ta yi da haihuwa ba. Na dawo na tsaya a gabanta, inda ba yadda za ta yi ta kauce mini.

"Ni ce nan, Inna. Ba mutanen Roni, ni kaɗai ce. Na haifi bakwai, na binne biyu, na wanke gawar uwar mijina da hannuna. Wane ciwo ne ban gani ba? Zan zauna a waje kamar yau. Zan rufe idona da ɗankwali in kin so. Ga mota can."

'Yan kamasho suka juyo suna kallonmu. Wani dattijo ya ce, "Haba baiwar Allah, uwa ce fa." Na ce masa na sani, shi ya sa nake ihu. Inna ta ratsa ta gefena, ta je ta shiga motar Gwiwa, ta zauna ta gyara mayafi.

Gwiwa, sannan gida

La'asar sakaliya muka isa ruga. Na ja Auta gefe na gaya mata, ta fashe da kuka da jaririya a hannu. Na je wurin uwar mijinta, da ke nan cikin rugar, na ce a yanke wankan a bar ta ta tafi Kano. Ta ce mai jego ba ta hawa mota, sanyi zai shige ta, sai dai bayan ranta. Mun yi ba daɗi. Ƙannena maza suka ce a bi tsohuwa a hankali, tunda ta ce za ta je. Na ce musu su dai sun iya bin shanu a hankali.

Na yi sallama na fito. Ɗan acaɓa bai iso ba, sai na tsaya bayan zana ina jira. Auta ta shiga bukkar da ruwan ɗumi za ta canza bandeji. Can na ji murya, nishi mai tsawo, yana hawa yana sauka, tana cewa, "Wayyo Auta, a hankali, zai kashe ni." Na jima ina saurare kafin in gane muryar Inna ce, don ban taɓa jin ta haka ba. Ta ɗauka na yi nisa. Da babur ya iso na yi masa alama ya kashe inji, muka tura shi har bayan garke kafin ya tayar.

Na shiga Roni ana kiran magariba. Na gode Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Na gode wa Hajiya Asabe da ta faɗi iyakar allurarta, da direban akwala da ya riƙa kauce wa ramuka a dawowa ba tare da na roƙe shi ba. Na riga na yi magana da mai motar da zai kai su Kano. Kullum da safe nakan kira Auta in tambaye ta jikin, ta ce da sauƙi, don Inna na kusa tana ji. Arba'in da saura, warin kuwa ta ce yanzu har waje ake jin sa.