Maki Bakwai da Rabi

'Yar fari ce a wurina, saboda haka ban taɓa kiran sunanta ba. "Ke" nake cewa, ko "wannan yarinyar". Haka na ga mahaifiyata ta yi da yayarmu, haka kuma na taho da abin har Riyad, cikin wani gidan bene a Badi'a, inda ko rungume ta na yi a tsakar falo ba mai cewa na yi rashin kunya. Ban dai iya ba ne.

A samanmu akwai wata likitar mata, 'yar Zariya, wadda ta daɗe a Amurka kafin aiki ya kawo ta nan. 'Ya'yanta sun girma, suna can. Anti yarinyar take ce mata. Ita kuwa tun daga kan matakala take ƙwala wa yarinyar kira da cikakken sunanta, har da jan ƙarshensa, ta dafa kafaɗarta, ta ja mata kumatu. Ina kicin ina ji. Mutuniyar kirki ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Da ba ta da kirki ma da abin ya zo mini da sauƙi.

A shekarar da yarinyar take ajin ƙarshe na sakandare, mun riga mun tsayar cewa tana gamawa za ta koma Kano wurin ƙanwar babanta ta shiga jami'a. 'Yan watanni suka rage mini da ita. Sai ga shi cikin sanyin Janairu Anti ta koya mata kallon ƙwallon Amurkawa, wannan da ake sa hular kwano ana bangazar juna a kan wata aba mai kama da gwanda. Lokacin wasannin ƙarshe ne, wanda aka doke ya kama hanyar gida. Ranar Juma'a bayan la'asar sai yarinyar ta haye sama, su zauna kowa ta faɗi hasashenta. Shi wasan muna barci ake buga shi, don haka suka kafa doka: ba mai leƙa sakamako a waya. Sai Litinin, an taso daga makaranta, Anti ta dawo daga asibiti, su kunna wanda aka naɗa su kalla kamar yanzu ake yi.

"Ke, wannan abin ba caca ba ce kuwa?" na tambaye ta.

"Wallah Umma ko riyal ɗaya babu. Wadda ta faɗi ita ke dafa shayi, khalas, shi ke nan."

Na kai maganar gun babanta, wanda ke tuƙa motar yashi a wurin gine-ginen Dir'iyya. Yana cire takalmi ya ce, "Hajiya, yarinya tana saman kanki kina jin takunta. Ko kin fi so ta koyi yawon kantuna?"

Zuciyata ta so a ce cacar ce, in sami hujjar hanawa. Na yi istigfari na tashi na zuba masa abinci.

A nan aka haife ta, Hausarta a ɗaure take. In da ni ne, magana biyu uku ta gama. Amma in tana sama, ta rufin ɗaki nake jiyo ta tana zuba kamar famfo, Turanci da Larabci a cakuɗe, da wata irin dariya da ban san tana da ita ba. In ta sauko kuma, kowace magana da "Anti ta ce" take farawa.

Wata Juma'a na ji yarinyar a kan matakala tana cewa ita masu jar riga ta ɗauka. Na riƙe wannan. Na ji kunyar kai wa Ubangiji maganar ƙwallo, sai dai a sujada na ce Allah Ya faranta wa yarinyar nan. Ranar Litinin da ta tafi makaranta na ɗauki waya na yi ta lalube har na gano wurin. Ga masu jar riga nan suna rungumar juna. Sun ci.

Dokar tasu na san da ita. Na ɗauka dai labari mai daɗi ba ya cikinta, don mu a gida wanda ya fara jin abin alheri da gudu yake kai shi. Kuma ina so sau ɗaya in riga Anti. Na jiƙa shinkafa, na markaɗa, na sa yis, na sauko da tandar da na zo da ita daga Kano. Na aika baƙala, ɗan kantin da ke ƙasan benenmu, aka kawo kabewa, na yi miyar taushe. Tana turo ƙofa na tare ta.

"Albishirinki."

"Goro," ta ce, tana murmushi, tana shaƙar ƙamshin masa.

"Masu jar rigarki sun ci."

Murmushin ya tafi. Ta sauke jaka a hankali. "Umma, dubawa kika yi?"

Na miƙa mata wayar. Ta kalli lambobin, leɓenta yana motsi.

"Da bakwai suka ci," ta ce. "Na faɗi."

"Kamar yaya kin faɗi? Ga su nan suna murna."

"Su sun ci, ni ban ci ba. Ya'ani, Umma, su ne masu ƙarfi, kowa ya san za su ci, to ba wannan ake tambaya ba. Tun kafin a fara ake ba raunanan maki. Wannan karon bakwai da rabi aka ba su. Sai nawa sun ci da takwas ko fiye sannan na yi daidai."

"Ina aka taɓa cin rabin maki?"

"Ba a ci. Don kar a yi kunnen doki ake sa shi."

Wato na ɓata mata kallo, kuma labarin faɗuwa na kai mata da albishir. Ba ta yi fushi ba. Da ta yi ma da ya fi mini. "Ba komai, Umma," ta ce, irin yadda ake lallashin tsohuwa, ta haye sama. Jim kaɗan na jiyo dariya, ban kuma buƙaci a gaya mini a kan wa ake yi ba. Na tsaya a gaban tanda, masa ɗaya ta ƙone.

Sai ga su sun sauko tare. Anti tana share hawayen dariya.

"Hajiya, ashe ke ma kin shigo harkar ba mu sani ba? Ai kin cece ni, da na zauna ina ta fargaba." Ta leƙa kwano. "Masa ce wannan? Rabona da ita tun Zariya."

Ta zauna ta ci sosai, tana santi. Da ta wanke hannu ta ce mako mai zuwa a falona za a yi kallon, ni in yi masa, su kuma su koya mini. Na ce bismilla, ina murmushi. A raina na ce, wato ni ce mai abinci, ke ce malama. Amma ban ƙi ba. Ko ba komai a ƙasa za a yi.

Litinin ɗin na kashe wayata tun safe na jefa ta cikin durowa. Anti ta hakimce a kujerar babanta. Yarinyar ta zauna a kan darduma, ta jingina bayanta da ƙafata, ina jin ba ta ma san ta yi ba. Fuskarta da hirarta duk suna wajen Anti. Can ba a rasa ba ta ɗago ta ce, "Kin gani, Umma? Saura uku," in gyaɗa kai, ban san ukun mene ne ba. Na ga dai wani ƙato an danne shi an fitar da shi yana ɗingishi, na ce Allah sarki, uwarsa tana kallo. Suka yi dariya, Anti ta kira sunan yarinyar ta ce ta fassara mini abin da mai sharhi ya faɗa.

Ƙafata ta sage tun kafin a kai rabin wasa. Ban motsa ta ba. Sai da aka kira magariba a masallacin bayan gidanmu na taɓa kanta na ce, "Ke, ɗaga ni."