Jinjina ga Mama, Mai Goge Sunayenmu

Kullum da safe za ta share teburinta da gefen mayafi, ta ɗora tabarau a karan hanci, ta kunna kwamfuta. Uwar mijina ce, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. A cibiyar binciken da take aiki akwai wata manhajar waya mai ƙirƙirarriyar basira, wadda ma'aurata ke yi wa tambayoyin da ba sa iya yi wa likita ido da ido. Kafin hirarrakin su je hannun masu bincike, Mama ce ke karantawa. Ta goge duk abin da zai sa a gane mutum, ta gyara inda na'ura ta yi shirme. Abokan aikinta na kiranta Anti Goge-goge, ita kuwa ko a jikinta.

Shugaban sashensu ya ba ni labarin ranar da ta riƙe musu aiki saboda wani magidanci. Magidancin bai faɗi sunansa a hirar ba, amma ya ce shagon ɗinkinsa na jikin wani kantin magani. "Ai babu suna," in ji matasan ofis. Ta ce, "Ku bari, 'ya'yana. Matarsa za ta gane shi, maƙwabcinsa ma haka."

Ni ma ina cikin waɗanda ta rufa wa asiri, kuma da izinin maigidana nake faɗi. Bayan haihuwata ta fari, kusantarsa ta zame min azaba. Ya ɗauka ƙinsa nake yi, gida ya yi tsit, har ya fara kai dare a waje. Sai na rubuta wa manhajar komai. Har da cewa uwar mijina ma'aikaciyar jinya ce mai tabon ƙuna a hannun dama, amma kunya ba za ta bar ni in tambaye ta ba. Wallahi ban san inda hirar ke zuwa ba, na danna "na amince" ban karanta ba.

Na'ura ta ce in yi haƙuri, zai wuce. Washegari wani saƙo ya shigo: "An gyara amsar jiya. Wannan ciwo ne mai magani, ba laifinki ba ne. Ki je asibiti, ki tafi da mijinki." Muka je, aka yi magani, aurena ya dawo daidai.

Sai daga baya na san ainihin aikin Mama. Ranar ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige!

Mama, ke ce rufin asirin da ba a gani. Shekaru muna cin abinci a kwano ɗaya, ko sau ɗaya fuskarki ba ta nuna min kin sani ba. Na gode, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira. Ku kuma da za ku zauna a kujerarta yanzu da ta yi ritaya, ku tuna kowane saƙo mutum ne ya rubuto shi.

Ranar bikin ritayarta na ja ta gefe, na ce, "Mama, kin gane ni ce, ko?"

Ta cire tabarau ta dube ni. "Ni ban san kowa a cikin na'urar nan ba, 'yata. Zo ki karɓi ɗanki, ya ɓata min zane."