Gansakukar da na ɗura wa saniyar Inna

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato ba a yanke mana Kebbi ba, ni ne mai duba nama a mahautar Yelwa. Ina da kakin gwamnati, da wuƙa, da hatimi, da takardar makarantar dabbobi da na sa a gilashi. Mahauta suna ce mini Likita, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. A lokacin ko sauro ya cije ni sai na yi masa bayani da Turanci.

Aikina hanta ne. Da rani, idan ruwan Kainji ya ja baya, shanu kan gangara bakin tafki kiwo, su kwaso tsutsar hanta. Sai ka tsaga ka ga ta yi tauri, tsutsa na motsi a ciki, in sa a jefar, mai nama yana harara ta. Amma akwai wani dattijo Bafillace daga wajen Wara da duk sanda aka yanka dabbarsa, hantar sumul take, har sheƙi take yi. Ran nan dai na tambaye shi sirrin.

Mako na zagayowa sai ga shi da wani ƙulli a tsumma. Na kwance, na ga busasshen abu kore-kore mai ƙarnin ruwa.

"Gansakuka ta, Likita," in ji shi. "Da dussa da kanwa nika ba shanuna. Amma iri biyu ta, akwai mai gyara, akwai mai kisa. Baki bai gwada ta. Ka taho Wara mu shiga ruwa in gwada maka da hannu."

Na fashe da dariya, mahauta suka taya ni. Na ce, "Baffa, abincin kwaɗi za ka koya mini?" Bai yi fushi ba. Sau uku yana maimaita gayyatar nan, sau uku ina cewa sai kasuwa mai zuwa. Ƙullin kuwa na toshe ramin ɓera da shi a ofis.

Mahaifiyata tana da wata jar saniya, ita kaɗai ta rage mata daga gadon mahaifinta. Inna takan yi hira da ita kamar mutum. Bayan shekara guda saniyar ta fara ramewa, ƙasan haɓarta ya kumbura. Na ba ta maganin tsutsa na ofis, kumburin ya sace, amma ta ƙi murmurewa. Ƙashin haƙarƙarinta kana iya ƙirgawa daga ƙofar gida.

Inna ta ce, "Wanga tsoho da kac ce shanunai ba su ciwon hanta, mi zai hana ka tahi gare shi?"

Na fara zuwa ramin ɓera. Tsumman kaɗai na tarar. Washegari na shiga jirgin ruwa zuwa Wara ina ta shirya yadda zan tambaya ba tare da na zubar da girma ba. Ashe wahalar banza na yi. Dattijo ya rasu tun da damina. Babban ɗansa ya ce mini, "Wallahi Baffa kaɗai ka shiga ruwa. Mu dai mukan gan ta shanye bisa dutsi."

Nan ya kamata in juyo gida. Amma girman kai rawanin tsiya, sai na ce a raina gansakuka ai gansakuka ce, kuma ina da takarda. Na sami wani lungu inda ruwa ya kwanta ba ya motsi, samansa ya yi kore shar kamar an zuba fenti. Wannan gansakukar ce mai sauƙin kwasa, ko wandona ban naɗe ba. Na cika bokiti, na shanya ta wuni ɗaya, na cuɗa da dussa da kanwa.

Saniya ta sunsuna, ta kau da kai. Inna ta ce, "Ɗana, ta ƙiya. Bar ta." Na ce ai magani ba ya daɗi. Na dama shi a kwalba, na sa aka riƙe mini ƙahonta, na ɗura mata. Safe da yamma.

Kwana biyu da fara ɗurar, ta kasa tashi. Muka kira mahauci ya yanka ta kafin ta zama mushe. Ni na tsaga cikin da wuƙar gwamnati. Hantar ta kumbura, ta yi baƙi, tana dagargajewa a hannuna. Babu tsutsa ko ɗaya. Maganin ofis ya yi aikinsa, saura kawai ta huta ta ci abinci.

Mahaucin ya rage murya ya ce, "Likita, buga hatimi mu sai da naman, Inna ta rage hasara." Na kasa. Na san guba ce, kuma na san wanda ya ba ta. Muka haƙa rami bayan gari muka binne ta gaba ɗaya.

Inna ba ta taɓa yi mini gori ba har ta koma ga Allah. Igiyar saniyar dai ta rataye a bakin ɗakinta, kuma kullum na shiga gaishe ta sai na sunkuya a ƙarƙashinta.

Yanzu ina jin masana suna bincike kan koren tsiron ruwa, wai wani irinsa yana kare hantar dabba daga lalacewa, wani kuma dafi ne. Ko shi ne abin da ke ƙullin Baffa, ko kuwa wurin kiwo ya iya zaɓa, ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya. Wannan rashin sanin ya fi komai ci mini rai, don tafiyar wuni ɗaya ce tsakanina da amsar, kuma sau uku aka kira ni.

Har yau idan na bi bakin ruwa na ga koren nan ya kwanta, sai in ji muryar Inna a bayana, a hankali, ba faɗa: ɗana, ta ƙiya, bar ta.