Gefen da Kaset Ya Yanke

Ba a Yelwa aka haifi Inna ba. A wani gungu aka haife ta, wato tsibiri, a tsakiyar kogin Kwara can wajen Ngaski, kuma tana da 'ya'yanta manya aka zo aka kwashe su saboda dam ɗin Kainji. Ruwa ya taso ya shanye garin, da gidajensa da makabartarsa. Ni auta a tudu aka haife ni, ban san gungun nan ba sai a bakinta.

A shekarun da aka ba mu jiharmu ta Kebbi ina ɗinki a kasuwar Yelwa, ita kuma yanar ido ta fara rufe mata gani. Ba ta kuka da ciwon. Abin da ke cin ranta shi ne za ta makance ba ta ƙara ganin ƙofar gidan babanta ba. Ni kuwa da bakina marar linzami sai in ce mata ko mai idon shaho ba zai gan ta ba, tunda kifi ne ke kwana a zauren. Sai ta yi mini daƙuwa ta ci gaba da jan carbinta.

Ana nan sai abokina mai gidan kallo ya samo wani kaset, tsohon fim da Turawa suka ɗauka na kogin kafin a tare shi. Samari suka ƙi kallo, don babu faɗa babu waƙa. Na aro talabijin da bidiyon na turo su gida a baro. Inna ta zauna dab da gilashin, hancinta kamar zai taɓa. Can sai ta ɗaga hannu. Ta gane mashigin garinsu, ta gane dutsen da suke wanki a kai, ta gane wani rimi da ke tsaye a ƙarshen hoton ta hannun dama.

"Ga rimin nan," in ji ta. "Gidanmu na bayansa, nan kusa."

Hoton bai matsa ba. Sai ta miƙe ta koma gefen akwatin, ta karkata kai tana leƙe, yadda ake leƙa tsakar gida ta taga. Yaran gida suka fashe da dariya, amma da suka ga fuskarta kowa ya haɗiye tasa. Na yi ta mayar da kaset baya har mai gidan kallo ya fara jin tsoron injinsa, kuma kowane karo duniya sai ta ƙare a jikin rimin nan. Na ji haushin mai ɗaukar hoton ƙwarai, mutumin da ban sani ba, da ya kasa juya hannunsa ko da taƙi ɗaya.

Ashe ba laifinsa ba ne. Akwai wani dattijo da ke kawo mini gyaran riguna, wanda a da yake yawo da motar majigi ƙauye-ƙauye yana nuna fim ɗin noma da na rigakafi. Da na ba shi labari sai ya ɗauki wani yadi daga kan kekena ya shimfiɗa shi, sannan ya naɗe gefen dama da na hagu ya bar tsakiya. Ya ce haka aka yi wa fim ɗin. Don babban allon silima aka ɗauke shi, mai faɗi kamar zane, ita kuwa talabijin kusan hankici ce. Masu juya fim a kaset ko dai su ƙanƙance hoton su bar baƙi sama da ƙasa, ko su datse gefe biyu su cika akwatin, kuma datsewar suka zaɓa. Ni tela ne, na san mai yanke riga don ta shiga jaka bai san darajar riga ba, na kuwa faɗa masa haka da zafi kamar shi ya yanke.

Ya yi dariya ya ce ainihin fim ɗin yana nan a gwangwani ƙarƙashin gadonsa, da majigin, da wani gilashi na musamman da ke buɗe hoton. Allon ne babu. Bai kuma yi mini alkawarin komai ba. Ya manta abin da ke bayan rimin, mai yiwuwa gida ne, mai yiwuwa ciyawa.

Da na je sayen alawayyo, farin yadin nan da ake likkafani da shi, mai yadi ya ji yawan da nake so sai ya cire hularsa ya fara yi mini ta'aziyya, yana tambaya ko jirgi ne ya kife da mutanenmu. Na ɗinka allon yadda dattijon ya ce, faɗinsa ya ninka tsayinsa har da ɗori. Shagona bai ɗauke shi ba. Ina taka keke a ciki, jelar yadin tana waje maƙwabta na riƙe da ita kada ta sha ƙasa. Ban gaya wa Inna cewa mai yiwuwa ciyawa za mu gani ba, na kasa.

Mun kafa allon a bakin tafkin dam ɗin, kusa da unguwar da aka zaunar da mutanen gungun, masunta suka ba mu dogayen gorar tura jirgi. Ni Inna kaɗai na yi wa, amma labari ya riga ni. Tun la'asar kwale-kwale ke sauke tsofaffi, wasu daga Warra, wasu daga wajen Shanga. Dattijon ya ja ni gefe ya ce in sani ba zai iya tsayar da hoton ba, fitilar za ta ƙone fim ɗin, kuma fim ɗin ya tsufa, ba lalle ya jure zagaye na biyu ba. Na zaunar da Inna a gaba ta hannun dama.

Ana idar da sallar magariba aka tayar da janareta. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Ni tafki na sani, shimfiɗaɗɗen ruwa mai nauyi. Ban taɓa ganin Kwara tana gudu ba, sai ga ta a gabana tana kumfa tsakanin duwatsu, daga wannan gora zuwa waccan, sai ka juya wuya kafin ka ga ƙarshenta. Kwale-kwale ya ratso da tsayinsa na gaske, mai tuƙi ya kusa kai girman mutum, har wata tsohuwa ta janye ƙafarta kada ruwa ya jiƙa ta. Babu mai tari. Sai dai ka ji ana ambaton sunayen wurare ƙasa-ƙasa, ana tasbihi. A bayan allon kuma ga tafkin kwance cikin duhu, duk abin da muke kallo yana ƙarƙashinsa. Na ji na ƙanƙance, na ji tsoron Allah.

Sai ga mashigin, ga dutsen wanki, ga rimin. Amma yanzu rimin ba a ƙarshe yake ba. Bayansa wata 'yar hanya ta hau tudu, ga darni an shanya taru a kai, ga zauren laka da jinka, ƙofarsa a buɗe, tsayinta daidai yadda mutum zai sunkuya ya shiga. Daga cikin gidan wani siririn hayaƙi yana tashi.

Inna ta miƙe ba ta nemi hannuna ba. Ta gyara mayafinta, ta tuɓe takalma, ta matsa har hasken ya hau kafaɗarta.

"Salamu alaikum," in ji ta.

Ƙarar majigi kawai ake ji. Sai wani tsoho daga baya ya amsa mata da murya mai rawa, sauran suka bi shi, maza da mata, duk bakin tafkin ya amsa sallamar nan. Kafin su rufe baki hoton ya koma kan motocin haƙa ƙasa.

Ta daɗe a tsaye. Da na je na kama hannunta sai na ga fuskarta a sake take.

"Ɗan nan, ka ga hayaƙi?" ta tambaye ni. "Ashe suna ciki."

Na ce na gani.