Shafin Masu Albasar Danchadi

Ranar da na fita takaba na share ɗakin maigidana, na tattara ƙarafan aikinsa na aika wa ƙanensa. Gyaran injin ban-ruwa ne sana'arsa, babu fadamar da ba ta san babur ɗinsa ba daga Bodinga har Lambara. Kwana tara ya yi yana jinya. Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, lokacin da ya fi yi mini nauyi shi ne daga hantsi zuwa azahar. Da safe akwai shara da damun kunu, da yamma maƙwabta kan leƙo. Amma in rana ta ɗaga sai in zauna a tsakar gida, hannuwana a kan cinya, ban san abin da zan sa su ba.

Ni kuwa hannuna bai saba zama ba. Tsohuwar mai buga tafireta ce ni. Na koya ina budurwa, a ƙarshen Jamhuriya ta Biyu, lokacin da ake layin sabulu da madara tun asuba. Ƙyallen tawadar tafireta ma ya yi wuya, sai mu warware tsohon mu ɗiga masa kananzir mu mayar. Injinmu ba shi da haruffa masu lanƙwasa, in na gama wasiƙar Hausa sai in bi ta da biro ina yi wa kowane ƙ da ɗ da ɓ ƙugiya. Haka na yi aiki a ofis har kwamfuta ta shigo, shekaruna kuma suka cika, na dawo gida.

Wadda ta fitar da ni ɗiyar aminin maigidana ce, malamar kwamfuta a wata makaranta a garin Shagari. Ta zo duba ni, muna hira sai ta lura yatsuna suna bugun faifan da ke cinyata.

"Inna, har yanzu hannun yana tunawa ke nan," in ji ta. "Asabar da Lahadi ina koya wa mata tsara shafukan intanet. Ki taho."

"Mi a shi shafin intanet ɗin?"

Ta buɗe wayarta ta nuna mini ɗaya. Na ga kan magana, na ga sakin layi, na ga hoto a gefe. Na ce mata wannan ai tsarin takarda ne, na yi shekaru ina yin sa. Ta yi dariya ta ce to rabin karatun na riga na yi.

Ɗiyata da ke aure a Sakkwato ta aiko mini tsohuwar kwamfutarta. Kowace Asabar da Lahadi nakan naɗe ta a sallaya, in sa a jaka, in hau ƙaramar bas zuwa Shagari, wani lokaci ƙafata a kan buhun gero. Mu bakwai ne a ajin, duk na haife su. Makon farko Malama ta roƙe ni in sassauta wa maɓallan, don ina dukan su kamar na tafireta, har na gaba suna waiwaye. A gudun bugu kam babu wadda ta kama ƙafata. Inda na sha wuya shi ne umarnin da ake rubuta wa kwamfuta: duk wanda ka buɗe sai ka rufe shi. Rannan na manta rufe guda ɗaya, shafin gaba ɗaya ya koma manyan baƙaƙe. Na yi awa ɗaya ina bin layuka da yatsa. Malama ta zo za ta nuna mini, na ce ta bari. Na kuwa gano shi da kaina.

Ranar da ta koya mana yadda ake sa haruffa masu lanƙwasa su fito daidai, na buga kalmar ƙasa na zauna ina kallon ta. Ƙugiyar ta fito tsaf, ba biro. Na so a ce in na koma gida akwai wanda zan ba labari. A bas na share hawaye da bakin mayafi, na kuma sayi rake a tasha, don rayuwa ba ta tsaya ba.

Wata na biyar ina karatu shugaban ƙungiyar masu noman albasa na Danchadi ya yi sallama a ƙofar gida. Dattijo ne, maigidana ne mai gyara musu injuna. Ya ji abin da nake koyo. Ya ce masu saye daga kudu ba su san su ba, sai ta hannun dillalai, ko zan yi musu abin da za a riƙa ganin su a waya? Na ce zan yi.

Na je fadamar na ɗauki hotuna: koren lawashi, jajayen albasa a shanye, rumbunan ajiya. Na yi sati biyu ina tsarawa, shafi ya yi kyau har Malama ta nuna wa ƴan aji. Sai na kai musu. Suka taru a gindin dogonyaro, shugaba ya miƙo wayarsa, na rubuta adireshin. Allon ya tsaya fari. Muka jira. Wani ya ɗaga wayar sama, wani ya je bakin hanya da ita. Babu abin da ya fito sai kan magana.

"Hajiya, kar ki damu," in ji shugaban a hankali. "Wanga abu sai a hankali. A bari sai wani jiƙon."

"Alhaji, ba sai wani jiƙon ba. Na san abin da ya faru. Ku ba ni mako guda."

Na sani ɗin kuwa. A aji muna da sabis mai ƙarfi, ni kuma na loda wa shafin hotuna goma sha biyu masu nauyi don suna burge ni. Na koma gida na cire tara, na rage nauyin ukun da suka rage. Na ɗauko lambar wayar ƙungiyar da lokacin da ake cire albasa na kai su can saman shafin. Sannan na hau mota zuwa Lambara gidan ƙanwata, inda sabis ke da rauni har wani lokaci sai an hau tudun da ke bayan gidan ake samun kira, don in gwada shi can. A tsakar gidanta na gwada, tana surfe tana kallona. Kafin ta juye turmi shafin ya buɗe.

Da na koma Danchadi ya buɗe a wayoyi huɗu. Shugaban ya sa aka karanta masa da ƙarfi, ya gyara mini sunan wata fadama da na rubuta ba daidai ba. Ana gab da cire albasa wani mai saye ya kira su daga kudu, ya ce a intanet ya gan su. Cinikin bai faɗa ba, amma na biyu da ya kira ya turo mota. Aka aiko mini kwandon albasa har sai da na raba wa unguwa.

Yanzu aikin wani malamin makarantar allo na nan Bodinga ne a hannuna. Yana son shafin makarantarsa ya fito da boko da ajami, wanda ke tafiya daga dama zuwa hagu, ni kuwa ban taɓa tsara irinsa ba. Malama ta ce ita ma sai ta bincika. Na ce masa ya dawo Laraba bayan la'asar, zai tarar da layin farko a tsaye.