Yadda Aka Ce Na Yi Murna Da Ambaliya

Edita, a shekarun da zan ba da labarinsu ni matashin likita ne, ban daɗe da aure ba, kuma ina ganin babu aikin da zai fi ƙarfina. Ɓangaren likitan iyali na karanta, wato likitan da ke duba kowa da kowa, daga jariri har tsoho. Da na gama aka tura ni wani asibiti a yankin da ke tsakanin Wurno da Goronyo. Ba zan faɗi sunan garin ba. Na ishe asibitin da malaman jinya da ungozoma masu ƙoƙari, amma babu likita ko ɗaya, don wanda na gada ya daɗe da barin wurin. Mutanen gari sun karɓe ni hannu biyu. Wani dattijo daga gidan malamai ya ba mu gida kusa da nasa, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa, ni ma Baba nake ce masa.

Wanda bai zauna a ƙasar noman rani ba, ba zai gane irin aikin ba. A wasu wurare cuta tana da lokacinta, amma inda ruwan madatsa ke gudana rani da damina, sauro ba ya hutu, zazzaɓi ma ba ya hutu. Ga yara masu tsargiya saboda wanka a hanyoyin ban ruwa, ga wanda maciji ya sara a gonar albasa, ga wanda injin ban ruwa ya cinye wa yatsu, ga masunta, ga mata masu naƙuda da ake ɗaukowa a kan babur tun daga ƙauyukan Rabah. Kafin in fito daga sallar asuba layi ya riga ya kai bakin ƙofa. Da farko ina jin daɗi, ina ganin ana buƙatata. Sannu a hankali na koma mutumin da ba ya iya tuna fuskar wanda ya duba ɗazu. Matata takan ajiye mini abinci ya huce, ta ɗumama, ya sake hucewa. Na rubuta wa ofishinmu na nemi a ƙaro likita, kullum amsar ita ce ana dubawa.

Ana cikin haka wani abokina ya zo. Ɗaki ɗaya muka zauna da shi a makarantar koyon likitanci. Shi bai ci gaba da duba marasa lafiya ba, ya zauna a jami'a ya zama mai bincike, kuma abin da ya sa a gaba shi ne mu likitocin karkara: mu nawa ne, mutum nawa kowannenmu ke gani, me ke sa mu gudu mu koma birni ko mu bar ƙasar. Ya ce mini gwamnati ba ta jin kuka, amma in aka ajiye mata hujja a rubuce, wataƙila ta motsa. Na ga gaskiyarsa, har yau ma ina ganinta. Ya zauna tare da mu na ɗan lokaci. Yakan samu kujera a kusurwar ɗakin da nake duba mutane, da izininsu, yana kallon yadda nake aiki. Ya zagaya wasu asibitocin yankin, ya dawo yana girgiza kai, ya ce wasu ma likitan sunansa kawai ke wurin.

Wata rana bayan la'asar muka zauna a tsakar gidana, matata ta dama mana fura, ya ce yana so ya yi mini tambayoyi na ƙarshe, ba a kan yawan marasa lafiya ba, a kan abin da ke cikin raina. Ya tabbatar mini sunana ba zai fito ba, sunan garin ma haka. Ya kunna abin ɗaukar magana ya ajiye a kan tabarma, ni kuwa nan da nan na manta da shi. Na daɗe ban samu wanda ya tambaye ni yaya nake ba. Na faɗa masa yadda gabana ke faɗuwa in na hango layi da safe, da yadda nake rubuta magani wani lokaci kafin mutum ya gama bayani. Sannan na faɗa masa abin da ko matata ban taɓa faɗa wa ba. A daminar da ta gabata gulbi ya cika ya batse, ruwa ya ci gonaki da gidaje, ya yanke hanyoyin ƙauyuka. Da na je asibiti na ishe benci babu kowa, saboda babu mai iya isowa, sai na ji wani sanyi a zuciyata, na koma gida na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba. Da na farka na tuna dalilin da ya sa babu layin, sai na fashe da kuka, na ji tsoron abin da na zama. Washegari na nemi kwalekwale na bi mutane inda suka fake. Duk wannan na faɗa masa. Ya ce wannan ita ce maganar da masu mulki ya kamata su ji.

Ya tafi, na ci gaba da aikina. Bayan wani lokaci mai tsawo binciken ya fito da Turanci, aka gabatar da shi a wani taro a birni. Abokina ya cika alkawarinsa gwargwadon yadda ya fahimce shi, bai sa sunana ba. Abin da ya rubuta shi ne, wani likita da ke aiki shi kaɗai a wani gari kusa da madatsar ruwa. Amma Edita, a duk wannan yanki mu nawa ne? Ƙarancin da ya zo bincike a kansa, shi ne ya hana a ɓoye ni. Wani ɗan jarida da ya halarci taron ya ɗauki maganata ya mayar da ita Hausa a wani shirin rediyo, ya yar da kukan, ya yar da kwalekwalen, ya bar guntun da ya fi daɗin faɗa. Abin da mutane suka ji shi ne, akwai likita a yankin madatsa da ya ce ya ji daɗi da ambaliya ta hana talakawa zuwa su dame shi.

Ni ban ji shirin ba, ina ɗakin haihuwa. Na fara lura ne a masallaci. Mutumin da muka saba tsayawa kafaɗa da kafaɗa ya matsa ya bar gurbi tsakaninmu. Mai naman da kullum ke tsokanata ya miƙo mini tsire bai dube ni ba. Matata ta dawo daga gidan suna idanunta jajir, ta ce tana shiga mata suka yi tsit, wata kuma ta ce da ƙarfi, ai gara a yi addu'ar ruwa ya sake zuwa don mijin wasu ya samu barci. Kafin in gama fahimtar abin da ke faruwa, Baba ya aiko a kira ni. Na ishe shi a zaurensa shi kaɗai, ya sallami ɗalibansa.

Ya ce, "Zamna, likita. Ni dai na ce ban yarda ba sai na ji daga bakinka. Kai ka hwaɗi wagga magana?"

Na ce, "Baba, ni na hwaɗa, amma ba haka take ba. Akwai abin da ya biyo baya."

Ya dube ni, ya ce, "Ɗana, ni na yarda da kai, don na ga sadda kaka bin mutane cikin ruwa. Amma mutumin da gidanai ya rushe, hatsinai ya tahi, in ka ce mishi 'amma', mi kaka so shi ji?"

Ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya yi magana da manyan gari, ya yi wa'azi a kan ɗaukar rabin zance. Wasu sun saurara, da yawa ba su saurara ba. Daga ofishinmu kuma aka kira ni birni in yi bayanin dalilin da ya sa na zubar da mutuncin aiki. Babu wanda ya tambaye ni ko ina buƙatar hutu ko mataimaki. Layin asibiti ya ragu, wannan karon ba ruwa ya rage shi ba. Ina zaune ina kallon mutane suna wuce ƙofar asibiti zuwa wurin masu sayar da magani a kasuwa.

Abin da ya karya ni shi ne labarin matar wani masunci. Ni nake duba ta tun cikinta yana ƙarami, na kuma gargaɗe su cewa kwanciyar ɗan ba daidai take ba, da naƙuda ta fara su kawo ta wurina ba tare da ɓata lokaci ba. Mijin yana cikin waɗanda ruwa ya cinye wa gida, mahaifiyarsa kuma ta rasu a inda suka fake. Ya rantse iyalinsa ba za su sake shiga hannuna ba. Da naƙudar ta zo da rana tsaka, ya ɗauki shatar mota, suka wuce ta gaban asibitina suka nufi Sakkwato. Ungozomarmu ta gan su, ta bi motar da gudu tana kira, bai tsaya ba. Ba su wuce Achida ba ɗan ya mutu a cikinta. Ita an ceto ranta, amma ta dawo da larurar da ta daɗe tana fama da ita. Aikin tiyatar da ya kamata a yi mata na iya shi, kayan aikin ma suna nan. Na je yi musu jaje tare da Baba. Mijin bai zage ni ba, bai kuma amsa gaisuwata ba. Ya sunkuyar da kai yana gyaran komarsa ta kamun kifi har muka tashi.

Na kira abokina na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita su a nan ba. Bai kare kansa ba. Ya taso ya zo garin, ya roƙi Baba ya tara masa dattawa, ya tsaya a gabansu ya faɗi maganata cikakkiya, har da kukan, har da kwalekwalen. Ya ce shi ya jawo, don ya ɗauka cire suna ya isa. Ya je gidan rediyon ma, suka ba shi ɗan lokaci a wani shiri da ba kowa ke saurare ba. Wasu dattawan sun zo sun ba ni haƙuri. Amma ni a lokacin na riga na ƙare. In mara lafiya ya dube ni sai in ga kamar yana tuna maganar ne. Matata, wadda ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, ta ce in ba don kaina ba, in dubi Allah in dube ta mu bar garin. Na nemi canjin wurin aiki, aka ba ni. Ranar da za mu tashi Baba ya rako mu har bakin mota, ya riƙe hannuna ya yi mana addu'a. Asibitin ya daɗe bayan tafiyata babu likita. Wannan ma yana cikin abin da ke damuna har yau.

Binciken abokina bai tafi a banza ba. Ya yi suna da shi, ya samu ƙarin girma, kuma na ji an ce ana ambatonsa in ana maganar ƙaro likitoci a karkara. Mun daɗe ba ma magana. Da muka sake haɗuwa ya ce mini tun daga lokacin ba ya buga maganar kowa sai ya mayar wa mai ita ya karanta, ya ga yadda aka siffanta shi, ya amince. Ya ce da labarina yake fara koyar da ɗalibansa, amma yanzu yakan canja yankin da komai. Na yafe masa, don na san ba da mugunta ya yi ba. Sai dai mun kasa komawa yadda muke a da.

Abin da na koya shi ne, gajiya cuta ce, kuma ta fi haɗari ga wanda aikinsa kula da wasu ne. Da na san haka, da tun farko na faɗa wa Baba da manyan gari cewa na kusa faɗuwa, mu nemi mafita tare, maimakon in yi ta nuna ni ƙarfe ne har maganar ta fito ta bakin rediyo. Ga 'yan uwana likitoci da malaman jinya, ku faɗi damuwarku, amma ku tambayi inda za ta je da wanda zai ji ta. Ga masu bincike, aikinku yana da amfani, muna buƙatarsa, amma ku tuna a ƙauye cire suna ba ya ɓoye mutum, kuma ku za ku koma jami'a, shi zai wayi gari a cikin mutanen da ya yi magana a kansu. Ga 'yan jarida, ku ji tsoron Allah a kan guntun zance. Ga jama'a kuma, in kun ga likitanku ya yi sanyi ko ya yi faɗa, kafin ku yanke masa hukunci ku tambaya ko ya ci abinci, ko ya runtsa. Ni dai yanzu ina aiki a inda muke da yawa, ina samun barci, ina ganin 'ya'yana da rana. Amma duk lokacin da aka kawo mini mai naƙuda da wuri, na karɓi ɗanta yana kuka, sai na tuna akwai wata da aka wuce da ita ta ƙofata, ina ciki a zaune, babu kowa a gabana.