Tsamiyar da Shamuwa Ta Daina Sauka

Jiya da hantsi na ji ƙarar zarton inji a ƙofar gida. Ban tashi na leƙa ba, domin na san ko mene ne. Masu gyaran wayar lantarki ne suka zo yi wa tsamiyarmu askin shekara. Ina zaune ina jin rassan suna faɗuwa, sai kakana ya faɗo mini a rai.

Lokacin da nake yaro, gidanmu ne na ƙarshe a Dutsin-Ma in ka kama hanyar Kurfi. Bayan danganmu sai gonaki, da kuka da ɗorawa da gawo a warwatse. Tsamiyar tana ƙofar gida, a can samanta kuma akwai sheƙunan shamuwa, manya, na ƙirare, waɗanda suka girme ni. Da rani babu kowa a cikinsu. Idan bazara ta tsananta har ɗaki ya gagari kwana, sai wata safiya a ga farin kashin tsuntsu a kan tabarmar Kaka. Shamuwa ta iso ke nan.

Ka san kowane tsoho da abin da yake dogara da shi. Kaka ba ya fito da irin shuka daga rumbu sai shamuwa ta zauna a sheƙa. Ko an yi ruwa, in ba ta sauka ba, a wurinsa ruwan yaudara ne. Ba a jifanta, ba a hawa itacen in tana kwanci. Ranar da ta iso yakan kira ni ya nuna sama da sandarsa.

"Kai, malalaci, ga baƙuwata. Ita ba ta saɓa alkawari, ba kamar kakarka ba."

Daga cikin gida sai kakata ta amsa, "To, Malam, yau sai ta dama maka fura."

Sannu a hankali gari ya iso mu. Masu awo suka kafa turaku, gonakin bayan gida suka zama filaye, aka shata titi. Da aka zo jan wayar lantarki, sai layin ya bi daidai kan tsamiyar. Aka ce a sare ta. Mahaifina da mai unguwa suka yi ta zirga-zirga har aka yarda a bar gindin, a sauke rassan sama. Mahaifina ya roƙa a yi aikin da rani, lokacin da sheƙunan ba kowa, yana ganin ya kyauta.

"Ai babu ƙwai, babu ɗa, Baba," ya ce wa Kaka. "In ta dawo ta yi sabuwa."

Kaka ya dube shi. "Kai in ka dawo daga kasuwa ka tarar an kwashe ɗakinka, a nan za ka kwana?"

Da bazara shamuwa ta zo. Na gan su da idona, sun yi ta kewaya dungun itacen, ɗaya ta ɗan tsaya a kan turken wuta, daga nan suka yi wajen madatsar ruwa ta Zobe. Ruwa ya sauka, maƙwabta suka yi shuka. Kaka ya shimfiɗa tabarmarsa a gindin tsamiya, inda yanzu babu inuwar kirki, yana kallon sama. Aka sake ruwa. A gidanmu ɗa ba ya buɗe rumbun ubansa ba da izini ba, don haka mahaifina ya riƙa zuwa gona yana dawowa hannu sake. Da gero ya fara rufe ƙasa a gonakin mutane, mahaifina ya je ya durƙusa a gaban Kaka.

"Baba, jama'a har sun shiga noman farko."

"Ba ta sauka ba," in ji Kaka.

Sai da damina ta yi nisa ya ce a buɗe. Geronmu na cikin fitar da kai ruwa ya ɗauke. A shekarar, dawar da kawuna ya aiko daga Rawayau muka ci. Bayan girbi Kaka ya ce wa mahaifina, "Daga yau kai za ka riƙa faɗin ranar shuka." Wasiyya ɗaya ya bari game da gidan: kada a sare tsamiyar.

Yau gidan yana tsakiyar gari. Katangar bulo ce dama da hagu, ga shaguna, ga ɗakunan hayar ɗalibai. Hukuma ta fito da shirin dashen itatuwa, an jera dogon yaro a bakin titi, kowane a cikin zoben siminti. Na halarci taron, shiri ne mai kyau. An yi bayanin inuwa da rage zafi. Na tambaya ko za a iya karkatar da wayar daga kan tsohon itace, aka ce wannan aikin wani ofishi ne.

Tsamiyar tana nan. Wasiyya ta hana ni sare ta, waya ta hana ta tsawo. Duk shekara takan yi toho ta miƙa sama, duk shekara a zo a mayar da ita inda take. Ƙanena da ke riƙe da gonar yakan kira ni idan an yi ruwan farko, ya ce, "Yaya, mu shuka?" Kafin in duba hasashen yanayi a wayar hannu, sai na fita ƙofar gida na dubi tabarmar da nake shimfiɗawa a gindinta. Kullum tsaf nake samunta.